Hular Fata a Murfin Tanki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Daga mahaifinka Ari Shofer, unguwar Zango, Damagaram, zuwa ga ɗana Isufu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da innarka da dukan ayarin da kuke ciki. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya kai ku Ɗakinsa lafiya.

Na ce wa ƙanwarka Zuwaira ta sa maka takardar nan a aljihu, kada ka buɗe sai kun tsaya shan ruwa a Mirriya. Ka san dalili. Ni da kai ba mu taɓa tsayawa gaban buɗaɗɗen kapon mota mun rabu lafiya ba. In na ce maka ɗauko kile, ƙarfen kwance noti, sai ka ce ai ka riga ka sani. Ni kuma sai raina ya ɓaci, in faɗi abin da ba shi na zo faɗi ba. Kai da taurin kai, ni da saurin fushi, kuma ban isa in ce ban san inda ka gado naka ba. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya, ba a kuma katse ta. Tun da ciwon nan ya shanye mini ɓarin hagu, hannun dama kaɗai ya rage mini, to da shi nake rubuta maka, in ka ga baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri.

Isufu, innarka ka ɗauka. Kamiyonet ɗin nan ta ɗauki gyaɗa, ta ɗauki fatu da kanwa, ta ɗauki ma'aikatan Nasara da akwatunansu, amma ba ta taɓa ɗaukar kaya irin na yau ba. Abu ɗaya nake nema gare ka: ka kai matar nan Makka. Na taɓa ɗaukar ta da niyyar haka, na komo da ita daga Gure. Kana Yamai wurin koyon aiki lokacin, abin da ka ji kawai shi ne mota ta yi pan, ta lalace a hanya. Yau zan gaya maka irin pan ɗin, domin tsohuwar motar nan da kake tuƙawa ciwonta ɗaya ne tun ina da ƙarfina, wato mai ya kasa isa inji yadda ya kamata.

Ka fara sanin yunwa da ganinta. Motar da wuta ta yanke mata, mutuwar farat ɗaya take yi. Wadda mai ya yi wa ƙaranci kuwa, sai ta yi ta jan rai. A tsaye tana kaɗawa lafiya lau, har ka rantse babu abin da ke damunta. Sai ka ɗora mata kaya, ka doshi tudu ko yashi, ka ba ta wuta, sai ta yi tari, ta fizga, ta saki, ta sake fizga. In kana shakka, sa wani ya riƙe mata wuta, kai kuma ka rufe rabin bakin karbirato da tafin hannunka. In ta farfaɗo, yunwa ce. Daga nan kada ka sake taɓa buji, wato fulogi, ko wayoyi, ɓata lokaci ne.

Shekarar da muka yi niyya, kamar bana ce, an gama kaka, hanya ta bushe. Ayari ne na motoci a ƙarƙashin Madugu Kyari, wannan dai da kuke bi yanzu, sai dai lokacin gemunsa bai yi fari ba. Na yi wata guda ina shirin mota. Babu abin da ban kwance na wanke na mayar ba. Innarka ta daka yaji, ta shanya kuɓewa, ta zaga dangi gida gida tana neman gafara. Mata har sun fara tsokanarta da Hajiya, tana rufe fuska.

Ana jibi tafiya sai ga aminina Tanko baduku, Allah ya ji ƙansa, da tasa gudummawa. Ya auna murfin tankin motar a ɓoye, ya ɗinka masa hula ta jar fata, da zanen kore da tuntaye, aikin dukawan Damagaram na ainihi. Ya ce, “Ari, ƙasar rairayi za ku shiga. Wannan ko ƙwayar yashi ɗaya ba za ta bari ta faɗa maka cikin isansi ba.” Ya jiƙa fatar, ya ja ta a kan murfin, ya ɗaure da tsirkiya, da ta bushe ta kama ƙam. Wallahi na ji daɗi. Na yi ta kiran mutane su zo su gani.

Mun wuce Mirriya lafiya. Can gaba, rana ta ɗaga, sai ta fara tari. Ta fizga, ta saki, ta mutu. Na sauka, na buɗe murfin tanki na leƙa ko mai ya zube, na ga yana nan. Na mayar, na buɗe kapo, na goge buji, na juya manibel, ƙarfen tayar da inji. Ta tashi garau! Na ce wa innarka, “Buji ne, an gama.” Muka yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta sake. Na sauka, na leƙa tanki, na hura tiyo, ta tashi. Na ce, “Ashe tiyo ne.” Haka muka wuni, haka muka sake wuni. Kowace tsayawa da sabon mai laifi, kuma kowane gyara sai ya yi kamar ya ci.

Ga abin da ban lura da shi ba. Duk sa'ad da na murɗe murfin nan, sai in ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba, ban tsaya na tambayi kaina ba. Murfin tanki yana da ɗan rami, bai fi ƙofar allura ba, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da famfo ya zuƙe. Hular Tanko ta rufe shi. Famfo yana ja, tanki yana riƙewa, har famfon ya gaji. Da na buɗe murfi don in leƙa, iska ta shiga, mota ta warke, ni kuwa in ba buji lada. Don haka, ɗana, in ta yi maka wannan tari, kafin ka ɗauki kile ka je bayanta, ka kara kunne, ka murɗe murfi a hankali. In ka ji ta ja numfashi, ka samo ɓarawonka. Tsinke ya ishe ka. Kuma kada ka taɓa abu biyu a tsayawa ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba.

A rana ta uku haƙurina ya ƙare, na yi abin da nake hana kowa. Na shimfiɗa rawanina a kan yashi, na kwance karbirato ɗungurungum, a fili, iska tana kaɗawa. Babu abin da na samu a ciki sai tsabta. Garin mayarwa wata 'yar ƙaramar allura ta suɓuce mini ta faɗa cikin rairayi. Ni da innarka da wasu mata biyu na ayarin muka durƙusa muna tankaɗe yashi da rariyar gari har la'asar kafin a gan ta. Karbirato shi ne ƙarshen hanyar mai, shi ya kamata ya zama ƙarshen abin zargi. Ka faro daga baya, daga tanki, ka biyo tiyo da hannunka da idonka, ka zo famfo, sa'an nan shi. Mu masu gyara mun fi son mu fara da abu mai wuya don a ce mun iya.

Madugu Kyari ya yi mini haƙurin da ba kowa zai yi ba. Da muka lallaɓa muka shiga Gure, ya same ni a gindin motar, ya tsuguna, ya ce, “Ari, ka ɗaura bido, jarkar mai, a kan rufi, ka ja tiyo daga can zuwa karbirato. Mai ya gangaro da kansa. Ko me ke damunta a ƙasa, ka tsallake shi. In mun isa Yarwa ka bincika a tsanake.”

Na ce, “Ni? Ni Ari in shiga gari da bido a ka kamar mai tallan ruwa? Madugu, tun kana kan raƙumi nake tuƙin mota.”

Bai yi fushi ba. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a. Mu da safe za mu wuce, akwai tsofaffi a motocin nan, ba zan zaunar da su ba.”

Da na bi maganarsa, Isufu, da motar ta tafi kamar ba ta taɓa ciwo ba, domin bido ba shi da hular fata. Na sa maka bido da dogon tiyo a bayan kujera. In motar ta gagare ka, ka ɗaura shi da kyau, ka nesanta tiyon da bututun hayaƙi, ka hana kowa shan taba kusa, ka bi ayari. Duk wanda ya yi maka dariya ba uwarsa ce a motar ba.

Da safe suka wuce. Muna tsaye muna kallon ƙurarsu. Wata mata ta leƙo daga motar ƙarshe ta ce wa innarka, “Taho mu matsa miki, ga wuri!” Innarka ta dube ni. Da na ce mata je ki, da ta tafi, akwai ƙanenta a ayarin, ba ta rasa muharrami ba. Ban ce ba. Na ce, “Gobe zan gyara mu cim musu.” Ta ɗaga wa matar hannu ta koma ta zauna a inuwar mota. Gobe ta zo, jibi ta zo, na juya kan mota zuwa gida.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta ce kawai, da muka hango duwatsun Damagaram, shi ne, “Maigida, ka bi da ni ta bayan gari. Na riga na yi sallama da mutanen nan.” Na bi da ita ta bayan gari. Ta yi kwanaki ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni, kuma baƙin cikinta bai ragu ba ko kaɗan.

Ka san wanda ya gyara motar? Akuyar maƙwabta. Na ajiye motar a ƙofar gida ina hararar ta, ko kusa da ita ba na son zuwa, sai akuya ta bi warin fata ta ɗane, ta cinye hular Tanko tas, ta bar mini tsirkiya. Na bi ta da jifa ina zagi. Bayan kwana kaɗan na ɗauki kaya zuwa Dogo, na je na komo, ko tari ɗaya. Na tsaya ina juya murfin nan a hannuna, na ga ɗan ramin, sai na zauna a ƙasa. Garin neman gira na rasa ido. Ban gaya wa Tanko ba har ya koma ga Allah, don da zuciya ɗaya ya yi. Innarka kuwa na gaya mata a ranar. Ta ce, “Allah bai kira ba tukuna,” ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

To, ba kullum murfi ba ne, kada kai kuma ka maƙale masa. In ka buɗe ba ka ji komai ba, ga yadda za ka auna ƙarfin famfo. Cire tiyon da ke shiga karbirato, ka sa bakinsa cikin kwalba, wani ya juya manibel, wuta a kashe. Lafiyayyen famfo tsartuwa yake yi, tsut, tsut, kamar ana tatsar akuya mai nono. In ɗiga yake yi, ko yana zuwa da kumfa, akwai magana. Kumfa iska ce, wani wuri tiyo ya tsage ko mahaɗa ta saki, ka bi ka nemi inda ya jiƙe ko ƙura ta manne. In ɗiga ne, ka sauke ɗan ƙoƙon gilashin da ke jikin famfo ka ɗaga shi a rana. Ruwa yana kwanciya a ƙasa, tsatsa kuma ja ce.

Ruwa da tsatsan nan ni na taɓa zuba su da hannuna, tun ina ɗaukar gyaɗa. Na tarar da tano, gangar mai, saura kaɗan, na ƙi jira a buɗe sabo, na karkata shi na juye har gindi. Wuni guda na yi a hanyar Magarya ina tsayawa ina wanke ƙoƙo, gyaɗar mutane tana shan rana. Inda za ku, a tano za ku riƙa sayen mai, wani ya shekara a ajiye. Kada ka karɓi na gindi ko kyauta ne. Ka tace kowane ɗigo da tsohuwar hular ulun da na sa maka cikin akwatin kile. Za a ce ka cika fi'ili, ka ce haka ubanka ya koya maka.

In tiyo lafiya, ƙoƙo lafiya, famfo kuma ba ƙarfi, to fatar cikinsa ta yage. Zaro tsinken awon baƙin mai ka sansana. In ka ji warin isansi, wato fetur, ko ka ga baƙin man ya ƙaru maimakon ya ragu, ita ce, mai yana zurarewa cikin inji. Akwai sabuwa guda a cikin gwangwanin shayi, na naɗe ta da tsumma. In ka sa ta, ka zubar da baƙin man nan, kada ka yi masa rowa. In kuwa da tsakar rana kawai take yi, da sanyin safiya lafiya, zafi ne ya tafasa man a hanya. Jiƙa tsumma ka naɗe famfon, ka ba ta ɗan lokaci.

Abu guda kuma, don girman Allah kada ka ja mai da baki. Na san kowa na yi, na san ka gan ni ina yi tun kana rarrafe. Sau ɗaya ya wuce mini cikin ƙirji, na yi wata ina tarin da ban taɓa irinsa ba, kuma tun daga nan numfashina bai koma daidai ba. A gida in ka kwanta akwai mai jinya. A can in ka kwanta, wa zai tuƙa ta?

Za ka ce don me ban sake ɗaukar innarka ba da shekara ta zagayo, tunda na gane ciwon. Ni ma na tambayi kaina. Shekara ta farko kunyar Madugu ta hana ni. Ta biyu na ce bari in canja tayu. Ta uku aka ce ana ta siyasa, a jira a ga yadda ƙasa za ta kwanta. Kowace kaka innarka sai ta daka sabon yaji ta shanya sabuwar kuɓewa, in ayari ya tashi ta zuba su a miyar gida. Ga shi bana an sauke tutar Nasara an ɗaga tamu, ƙasa ta kwanta, hanya a buɗe, ni kuma ko takalmina ba na iya sawa da kaina. Abin da za ka yi wa mai rai, ka yi masa yau.

Idan motar ta mutu mutuwar da ba ta tashi, ka bar ta. Na san ka san yadda nake ji da ita, kada wannan ya riƙe ka ko na yini ɗaya. Ka tura ta gefen hanya, ka sa innarka a motar Madugu, ka hau ko a kan kaya ne. Na riga na aika masa, ya ce akwai wuri. Ka girmama shi, in ya ba ka shawara ka karɓa tun bai rufe baki ba. Ka riƙa duba ƙafafun innarka, suna kumbura in ta daɗe a zaune, kuma ba za ta faɗa ba. In ta ce ta ƙoshi, ƙara mata.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce kada ka buɗe takardar nan a gida. Ka ga kwanakin nan ina zama a zaure, ina cin tuwo a gabanta, har da neman ƙari. Ƙarfin hali ne, ɗana. Lokotoro, likitan asibiti, ya gaya mini, ni ma ina ji a jikina, ciwon nan yana da na biyu, kuma ba ya sallama. Na kira liman na tambaye shi hukuncin matar da ta fita aikin Hajji mijinta ya rasu a bayanta. Ya ce in labari ya same ta tana kusa, tafiyar 'yan kwanaki, to ta komo ɗakinta ta yi takaba. In kuwa ta riga ta yi nisa, ta wuce ta sauke faralinta.

Ka gane yanzu abin da ya sa na cika ka da zancen murfi da tiyo. Gure kusa ce. In ka zauna nan kana kwance karbirato, mai doki ma zai iya cim muku, kuma na san innarka, ko ba a tilasta ta ba za ta ce a juya. Sau ɗaya na komo da ita ina da rai, ba na so in sake komo da ita ina kabari. Ban ce ka yi gudun ganganci ba, ban kuma ce ka ɓoye mata komai in labari ya zo ba. Cewa na yi kada ka kwana inda ayari bai kwana ba. Kullum rana ta faɗi, ya zama kun fi jiya nisa da ni.

Zuwaira tana nan, mijinta yana nan, ba abin da zan rasa. Ban taɓa gaya maka ba, hannunka ya fi nawa sanyi a kan inji, kuma na yarda da kai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini faɗan da na yi ta yi maka a gaban mutane. In kun tsaya a Arfa ka ambaci sunana, ka ambaci Tanko.

Allah ya buɗe muku hanya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na rairayi da na mutum. Allah ya sa innarka ta ga Ka'aba da idonta. Ni kuwa ba na roƙon tsawon rai, abin da nake roƙo bayan kowace salla shi ne Allah ya jinkirta mini har ku yi nisa.

Naɗe takardar, ka tashi motar.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Ari Shofer